Wai tsakanin shugaban ƙasa da ma'aikatan gwamnati, wa ke juya wani?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana siyasa da tsofaffin ma'aikatan cikinmu. A watan Maris na 2025 Trump ya sa hannu a takarda ɗaya, washegari aka ce wa ma'aikatan Muryar Amurka kusan 1,300 su zauna a gida, Sashen Hausa da ake saurare tun 1979 ya yi tsit. Haka ya yi wa USAID, mai kai agajin Amurka ƙasashen waje, hukuma sukutum ya tarwatsa ta. Mu kuwa a nan kullum kukan da ake yi shi ne shugaba ya ba da umarni amma ma'aikata sun danne. Shin shugaban Amurka ne ya fi namu iko, ko namu ne ba su iya riƙe ragamar ba?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Namu ba sa so ne kawai. Mutumin da ya cire tallafin mai da jimla ɗaya ranar da aka rantsar da shi, ai ba iko ya rasa ba.

Malam Na Maryland: Baban Ilham, abin da ka gani a 2025 ba shi ne al'adar Amurka ba, shi ya sa ma ya ta da ƙura har aka cika kotuna. Bari in faro daga tushe.

Gwamnatin tarayyar Amurka tana da ma'aikatan farar hula sama da miliyan 2, ban da na gidan waya. A cikinsu, waɗanda sabon shugaba ke zuwa da su ba su wuce 4,000 ba, kuma kusan 1,200 daga ciki sai Majalisar Dattawa ta amince. Sauran duk tarar da su yake yi, ya tafi ya bar su. Da can ba haka ba ne. Tun zamanin Andrew Jackson, wanda ya hau a 1829, duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sai ta share ofisoshi ta zuba 'ya'yanta, daga mai karɓar haraji har mai raba wasiƙa. Aka yi ta tafiya a haka har 1881, lokacin da wani Charles Guiteau, wanda ya sa rai za a ba shi muƙamin ƙaramin jakada a Paris don yana ganin ya taimaka a kamfe, ya harbe Shugaba James Garfield a tashar jirgin ƙasa ta Washington. Garfield ya yi jinya wata biyu da wani abu ya mutu. Wannan ne ya sa majalisa ta yi dokar Pendleton a 1883: a ɗauki ma'aikaci ta jarrabawa, kada a kore shi don siyasa. Da farko kashi 10 cikin 100 na ayyukan kawai ta shafa, a hankali ta mamaye kusan duka.

To tun daga nan kowane shugaba yake neman dabarar juya mutanen da ba shi ya ɗauke su ba, kuma ba zai iya korarsu cikin sauƙi ba. An ruwaito cewa Truman da zai sauka ya tausaya wa Eisenhower, ya ce ga janar da ya saba da soja, zai zauna a kujerar nan ya ce a yi kaza a yi kaza, babu abin da zai motsa.

Ɗan Kurmi: To ai ka ji matsalar. Mutum miliyan saba'in da wani abu sun zaɓe ka, sai wani darakta da ko kansila bai taɓa tsayawa ba ya hana ka aiki? Ni a wannan gaɓar ina bayan Trump, duk da ba na ƙaunarsa. Wanda aka zaɓa shi zai amsa tambaya ranar zaɓe, a bar shi ya kori duk wanda ya ga dama.

Tsohon Akawu: Ɗana, shekarunka nawa a 1975?

Ɗan Kurmi: Baba ko aure iyayena ba su yi ba 😂

Tsohon Akawu: To zauna ka ji, don abin da kake roƙo mun riga mun ɗanɗana.

Zamanin Gowon manyan sakatarori su ne gwamnati. Su Allison Ayida, su Philip Asiodu, su Ahmed Joda, suna zama a taron majalisar zartarwa su yi magana, wani lokacin ma su ja da kwamishinan da ke kansu. Mutane suka ji haushi, aka ce sun fi ƙarfin kowa. Da Murtala ya hau a ƙarshen Yulin 1975, sai ya sa tsintsiya. Sama da mutum 10,000 aka sallama cikin 'yan watanni: alƙalai, 'yan sanda, malaman jami'a, har Alƙalin Alƙalai Taslim Elias, har Asiodu. Laifin da ake karantawa shi ne cin hanci, ko lalaci, ko tsufa, ko rashin lafiya. Babu kwiri, babu kwamitin da zai saurare ka.

Ni ina ƙaramin akawu a lokacin. Mai gidanmu a ofis dattijo ne da bai da ko fili, a gidan gwamnati yake zaune da iyalinsa, dogaronsa fansho. A rediyo ya ji sunansa. Na je taya shi kwashe kaya, na tarar an jibge katifu da tukwane a bakin ƙofa, yara suna zaune a kan akwati, shi kuma yana tsaye da hula a hannu yana tambayar direban a-kori-kura nawa zai kai su garinsu. Wani na ƙasa da shi ne ya rubuta sunansa don yana son kujerar.

Mu da muka rage mun tafa wa Murtala a titi, Allah ya jiƙansa, kuma akwai ɓarayi na gaske a cikin waɗanda aka kora. Amma darasin da kowane ma'aikaci ya ɗauka a zuciyarsa shi ne: aikin nan ba shi da tabbas, ka gina gidanka tun kana kan kujera. Da albashin akawu kuwa ba a gina gida. Daga nan ne na fara ganin mutanen kirki suna karɓar abin da a da suke jin kunyar kallonsa. Na biyu, kowa ya daina faɗa wa na sama gaskiya. Ka rubuta a fayil cewa wannan kwangilar ba ta bi ƙa'ida ba, gobe ka ji sunanka? Sai dai "na bi, ranka ya daɗe".

Maman Sadiq: Baba Allah ya ƙara lafiya. Wannan tarihin har yau ana ba mu shi a ofis.

Ɗan Kurmi: Baba na ji, kuma abin da tausayi. Amma wannan mulkin soja ne. Yanzu ga shi an ba su tabbas ɗin, shekara 35 ko ka kai 60, ba mai taɓa ka. Me muka samu? Ma'aikatan bogi da "fayil ɗinka ya ɓata".

Malam Na Maryland: Ɗan Kurmi, ka maƙale a kan kora, alhali ita ce makamin da shugabannin Amurka suka fi jimawa ba su zaro ba. Reagan ya yi ta a Agustan 1981, ya ba masu kula da zirga-zirgar jiragen sama da ke yajin aiki awa 48, suka ƙi komawa, ya kori sama da 11,000. Amma doka ce ta ba shi dama, don an haramta wa ma'aikatan tarayya yajin aiki. Abin da ya fi wannan tasiri ya yi shi ne tun watan Fabrairun shekarar, ba hayaniya: ya ba da umarnin cewa duk wata babbar ƙa'ida da hukuma za ta fitar, ta muhalli ce ko ta magani ko ta ma'adinai, sai ta biya ta ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa, OMB, an auna amfaninta da abin da za ta ci. Clinton ya zo a 1993 ya maye gurbin umarnin da nasa amma bai soke tsarin ba. Babu shugaban da ya soke, na kowace jam'iyya, don ba wanda zai yar da irin wannan linzami.

OMB ɗin nan shi ne zuciyar abin. A 1921 aka kafa shi da wani suna, Roosevelt ya jawo shi jikinsa a 1939, Nixon ya faɗaɗa shi a 1970. Ma'aikata ba ta da ikon kai buƙatar kuɗinta majalisa kai tsaye, sai ta hannunsa. Ko jawabin da shugaban hukuma zai karanta a gaban kwamitin majalisa sai sun duba. Ba sai ka kori mutum ba idan kuɗinsa da bakinsa suna hannunka.

Majalisa kuma ba barci take ba. Da Nixon ya riƙa riƙe kuɗin da aka ware wa ayyukan da ba ya so, sai ta yi doka a 1974 ta ce shugaba ba shi da ikon danne kuɗin da aka riga aka zartar sai da izininta. Rigimar USAID da ta Muryar Amurka a nan take: majalisa ta ware kuɗi, shugaba ya ce ba zai kashe ba.

Na Damagaram: Sannunku da hira. Mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada, ana shiga aiki ta kwankur, wato jarrabawar gasa ta ɗaukar aiki, akwai makarantar horar da ma'aikatan mulki a Yamai. Amma duk ranar da majalisar ministoci ta zauna, abin da mutane ke jira a sanarwar shi ne jerin naɗe-naɗe: wane ya zama sakatare-janar na ma'aikata kaza, wane darakta-janar. Wanda aka cire ba a kore shi daga aiki ba, albashinsa na tafiya, sai dai ba ofis ba mota. Ka gan shi kullum a fada yana shan shayi.

Maman Sadiq: Na Damagaram ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ina cikin aikin yanzu, a wata ma'aikatar tarayya, ba sai na faɗi suna ba. Ku bar ganin kamar ma'aikaci yana tsayawa ya ce wa minista "ba zan yi ba". Ba a taɓa yi. Abin da ake yi shi ne a karɓi umarnin hannu biyu. Sai a buɗe masa fayil. Darakta ya rubuta wa mataimakinsa "duba ka ba da shawara", shi ma ya tura ƙasa, ya sauko har teburin wanda bai fi shekara uku da fara aiki ba. Ya rubuta nasa, fayil ya sake hawa. A hanya wani ya lura cewa abin ya shafi kuɗi, a tura sashen kuɗi. Su ce babu shi a kasafin bana. A nemi ra'ayin sashen shari'a. Idan ya dawo, wani ya rubuta KIV a kusurwa, wato a ajiye tukuna, masinja ya kai shi rajista ya ɗora a kan tulin da ya kai ƙugu. Kowa ya yi aikinsa, ba wanda za ka kama da laifi, kuma wata takwas sun wuce. Kafin nan an yi wa majalisar ministoci garambawul. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Amma ku ji ɗaya gefen. Wani lokacin wannan jan ƙafar ita ce kaɗai abin da ya hana a sayar da filin ma'aikata ga abokin minista. Na ga inda aka yi hakan da idona. Sai dai daga waje ba za ka iya bambance jan ƙafar mai kare dukiyar jama'a da ta mai jiran a ba shi na goro ba, fayil ɗin iri ɗaya ne.

Baban Ilham: Hajiya wannan bayani ya warware min abubuwa da yawa. Kenan shugaba yana iya ba da umarni bai ma san ba a yi ba?

Barista: Sosai ma. A Janairun 2018, bayan kashe-kashen Binuwai, Buhari ya umarci Sufeto-Janar na 'yan sanda Ibrahim Idris ya tare a jihar. Da ya je Makurdi a watan Maris, da bakinsa ya ce bai san sufeton bai zauna ba. Wannan fa mai kaki ne, wanda aka rena a kan bin umarni. Ga kuma Abdulrasheed Maina, ana nemansa kan kuɗin fansho, sai ga shi a 2017 ya dawo aiki a ma'aikatar cikin gida har da ƙarin girma. Sai da jaridu suka fasa ƙwai kafin fadar shugaban ƙasa ta ce a kore shi.

A takarda kuwa shugaban Najeriya ya fi na Amurka sakewa ta wani fannin. Sashe na 171 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi ikon naɗawa da cire Sakataren Gwamnatin Tarayya, Shugaban Ma'aikata, jakadu da manyan sakatarori. Babban sakatare ba ya bi ta majalisa. Wanda ba zai iya taɓawa kai tsaye ba shi ne ma'aikaci na ƙasa, don ɗauka da ladabtarwa aikin Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan kariya tun 1981 a shari'ar Shitta-Bey, ta ce ba a sallamar ma'aikacin gwamnati sai an bi ƙa'idar da doka ta shimfiɗa. Shi ya sa da sojoji suka dawo suka yi Doka ta 17 ta 1984, wadda ta ba su damar sallama ta kuma hana kotu sauraron ƙara.

Tsohon Akawu: Barista kar ka manta da 1988. Babangida ya ce zai kwaikwayi Amurka, ya soke muƙamin babban sakatare ya mayar da shi darakta-janar, ɗan siyasa, ya zo da gwamnati ya tafi da ita. Aka ce minista ne zai riƙe lalitar ma'aikata. Ba a yi shekara goma ba kwamitin Ayida ya ce a koma gidan jiya, aka koma.

Ɗan Kurmi: To ku duk kun yarda akwai ciwo, amma kowane magani aka kawo sai ku ce an gwada. Buhari ya yi wata kusan shida ba minista a 2015, ya ce ma'aikata ne ke aikin, ministoci surutu ne. Me ma'aikatan suka tsinana a wata shidan?

Barista: Abu ɗaya dai ya faru a watannin, kuma yana goyon bayan maganar Malam ne ba taka ba: asusun bai-ɗaya. Takarda ce ta fita a Agusta, aka ba da wa'adin 15 ga Satumba, duk hukumomi su kwashe kuɗinsu daga bankunan kasuwa su kai Babban Banki. Tun zamanin Jonathan ake maganar ana noƙewa. Wannan karon aka bi, don ba ya buƙatar fayil ya zagaya, kuma wanda ya ƙi za a gan shi a fili. Ka kwatanta da rahoton Oronsaye na 2012, wanda ya ƙirga hukumomi 541 ya ce a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Jonathan ya karɓa, Buhari ya kafa kwamitoci, Tinubu ya ce a aiwatar a Fabrairun 2024. Kowace a cikin waɗannan doka ce ta kafa ta, sai majalisa ta soke, kuma kowace tana da kwamitin majalisa da ke sa mata ido yana kuma cin albarkacinta. A shekarar ma aka ƙara ma'aikatar kiwo.

Admin: 'Yan uwa an goge saƙonni biyu na tallan data. Don Allah a tsaya kan maudu'i.

Malam Na Maryland: Akwai dabaru biyu da na ga ƙasashen biyu sun yi tarayya a kai. Ɗaya riƙon ƙwarya. Majalisar Dattawa ta ƙi Ibrahim Magu sau biyu, a Disambar 2016 da Maris 2017, bisa rahoton DSS, wadda ita ma a ƙarƙashin shugaban take, amma ya ci gaba da riƙon EFCC har Yulin 2020. Trump ma a zangonsa na farko ya fito fili ya ce ya fi son masu riƙo, don ba sai ya jira majalisa ba, kuma mai riƙo ya san wanda ya ajiye shi.

Ta biyu ɗauke ofis. A 2019 gwamnatin Trump ta ce hedikwatar hukumar kula da filayen gwamnati ta tashi daga Washington ta koma Grand Junction a jihar Colorado. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa suka ajiye aiki ko suka yi ritaya, don mai yara a makaranta da bashin gida ba ya tashi haka kawai. Ba a kori kowa ba, amma an rabu da su.

Maman Sadiq: Ai shi ya sa hankalinmu ya tashi a farkon 2024 da aka ce hedikwatar FAAN, hukumar filayen jiragen sama, da wasu sassan Babban Banki su koma Legas. Su suka ce cunkoso ne da tsadar zirga-zirga. Wata ƙawata da abin ya shafa, mijinta na Abuja, yara na makaranta, sai da ta yi kuka a gabana.

Barista: Tunda an ambaci Babban Banki: dokarsa ta ce ba a cire gwamnansa sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa. Jonathan bai cire Sanusi ba a Fabrairun 2014, "dakatar" da shi ya yi. Tinubu ma haka ya yi wa Emefiele a Yunin 2023. A Amurka irin wannan katangar ta samo asali ne daga 1935, da Kotun Ƙoli ta ce Roosevelt bai da ikon korar William Humphrey daga hukumar kula da cinikayya don kawai ra'ayinsu ya saɓa. Humphrey ya riga ya mutu ma, magadansa ne suka ci shari'ar. Trump ya kori biyu daga cikin 'yan wannan hukumar a 2025 da gangan don a koma kotu a sake duba hukuncin.

Ɗan Kurmi: Kuma daidai ya yi. Har yanzu ba wanda ya amsa min: in ba shugaba ba, wa zai hukunta daraktan da ya danne fayil? Ku ce min wa.

Malam Na Maryland: Tambayarka tana da nauyi, kuma ita ce hujjar masu tsarin da ake kira Schedule F. Trump ya kawo shi a Oktoban 2020, Biden ya soke a Janairun 2021, Trump ya dawo da shi ranar da ya koma ofis. Manufar ita ce a ɗebi ma'aikata kusan 50,000 da ke da hannu a tsara manufofi a cire musu kariya, a iya sallamarsu kamar 'yan siyasa. Ni inda na rabu da kai shi ne wanda ake fara kora in an samu wannan iko. A makonsa na farko ya kori sufetoci 17 masu binciken almundahana a cikin ma'aikatu. Ranar 1 ga Agustan 2025 hukumar ƙididdigar ƙwadago ta fitar da alƙaluman da suka nuna samar da aiki ya ja baya, kafin dare ya kori shugabarta, Erika McEntarfer. Ba fayil ta danne ba, fitar da shi ta yi a kan lokaci.

Tsohon Akawu: Kuma kai Ɗan Kurmi kana maganar ne kana hango shugaban da kake so a kujerar. Ka hango wanda ba ka so, da wannan wuƙar a hannunsa, da jerin sunayen da gwamnoni da 'yan jam'iyya za su kai masa.

Ɗan Kurmi: Baba ni babu wanda nake so a cikinsu. Mahaifina ya yi shekara biyu yana bin haƙƙinsa na ritaya, kullum a ce oga bai sa hannu ba, har ya kwanta ciwo. Wanda ya riƙe takardar nan yana nan a kujerarsa, an ma ƙara masa girma. Ku ba ni hanyar da za a cire shi, in ba ta shugaban ƙasa ba ce na yarda.

Maman Sadiq: Allah ya ba Baba lafiya. Hanyar tana nan a littafin ƙa'idojin aiki: kwiri, ya amsa a rubuce, kwamitin ladabtarwa, a tura wa hukuma. Matsalar ita ce wanda zai ba shi kwirin ofis ɗaya suke, masallaci ɗaya ko coci ɗaya, kuma shi ma akwai fayil a durowarsa. Ka turo min bayanin ta inbox, da lambar fayil ɗin da ranar da aka karɓa a rajista. Akwai wata 'yar ajinmu a can, zan kira ta ranar Litinin.

Barista: Idan ba ta yiwu ba, ka rubuta wa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, suna da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ko kwabo. Ka haɗa da kwafin takardar ritayar da duk wata shaidar da aka buga wa hatimin karɓa, asalin kuma ka riƙe a hannunka.